Askin Ɗan Majalisa

Misfala, Makka
Zulhajji, 1383

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu ma lafiya lau, sai kewarki.

Bana muɗawwafi, mai kula da alhazai, ya sauke mana baƙo daga Amirka, don Kawu Mukhtaru na jin Turanci. Sunansa Anselmo, Baba ya mayar da shi Salmanu. Jiharsu Niyu Meziko, a gida kuma Sifaniyanci suke yi. Ni dai shahi nake ajiyewa a bakin ƙofa in gudu. Abin da na sani daga Kawu na ji.

Wai ɗan majalisar jiha ne. Manoman ƙauyensu suka zaɓe shi don ya samo musu gyaran magudanar ruwa. Dukkansu Kirista ne, ba su san ya musulunta ba, sun ɗauka asibiti ya tafi. Yana komawa za a yi zaɓen fid da gwani, saboda haka ya yi niyyar rage gashi kawai a askin hajji, kada a gane.

Kin san Baba da askarsa. Wanzami ba ya tambayar alhaji, ga shi kuma baƙonsa ne, yana so mutumin ya samu cikakken ladan hajji. A Mina ya jiƙa masa kai, ya yi bismilla, ya ja aska ta tsakiya. Kafin Kawu ya iso an ci rabi. Mutumin ya shafa wurin, ya ce a ƙarasa.

Ya koma ƙasarsu da malafa a kai. Ki gaishe da Inna Zali.

Ƙanwarki,
Ummulkhairi

Misfala, Makka
Zulhajji, 1384

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya jikin 'yarki Ɗaso? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi labarin Alhaji Salmanu. Ya dawo bana, ya rame. Kawu ya ce a zauren coci aka yi taron zaɓen, kuma a can namiji ba ya shiga da hula. Ya cire malafar. Wata tsohuwa da ta yi renonsa ta tambaye shi wace cuta ce ta ci gashin. Da ya ce zazzaɓi ne, da an wuce wurin. Sai ya gaya mata inda ya je. Ya faɗi zaɓen, abokin takararsa ya hau kujerar. Yanzu tayar mota yake sayarwa.

Da Baba ya ji, ya kasa cin tuwo. Ya je ya tsuguna gabansa yana neman gafara. Alhaji ya ɗaga shi, ya ce aska ba ta jefa ƙuri'a.

Baba ya ce to ya zauna nan Makka kamar yadda muka zauna, ga ɗaki. Ya yi godiya, ya ce a'a. Zai sake tsayawa takara, wannan karon kowa ya san ko shi wane ne. Kawu ya ce masa ba zai ci ba. Ya ce ya sani.

Jiya motar Jidda ta tafi da shi. Na leƙa ta taga, ban fita ba.

Kowa yana gaishe ki. Wassalam.

Ƙanwarki,
Ummulkhairi