Kawu Ya Sa Wa Turbo Safa

Malam, don Allah a taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ni direban babbar mota ne, ta kawuna ce, shi ya koya mini tuƙi. Kwanakin baya motar ta soma kasala. In mun zo hawa sai ta riƙa nishi kamar tsohuwa da tulu, baƙin hayaƙi na bin mu. Kawu ya saurara, ya ce turbo ne ba ya samun iska, wato fankar nan mai ƙara wa inji ƙarfi. Sai ya cire filtar iska ya jefa bayan kujera, ya ɗaure bakin bututun iskar da tsohuwar safarsa. Gaskiya motar ta ɗan farfaɗo, har yana yi mini dariya. To amma jiya na zura yatsa cikin bututun, ya fito da ƙura mai laushi kamar kwalli, kuma kukan turbo ya sauya, akwai wani siririn fito da ban san shi ba. Na ɗan taɓa zancen, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni kuwa ba rimi na hau ba, ƙarƙashin mota na shiga. In injin ya mutu a hannuna ni za a ce na kashe, kuma da motar nan gida biyu ke ci. Yaya zan yi ban ɓata masa rai ba?

Direba mai haƙuri

Ɗana, kawunka ya gano ciwon, maganin ne ya kuskure. Lalle injin na neman iska, amma fukafukan turbo gudu suke kamar walƙiya, ƙurar da ta ratsa safa kuwa cin su take a hankali. Fiton nan kashedi ne, kada ka ƙara tafiya a haka.

A sayi sabuwar filta daidai da motar, kada a ce za a kakkaɓe tsohuwar filtar a jikin taya a mayar. Ka bi bututun tun daga baki, ka duba inda ya lotse, ya tsage ko ɗaurinsa ya saki. Bakanike ya leƙa fukafukan.

Shi kuwa kawu, ba a ja da babba a gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai, ka fara da cewa maganarsa ta iska ta tabbata, sannan ka roƙe shi ya zura yatsansa da kansa. Abin da ya hango daga nesa, bari ya taɓa shi a kusa.

Allah ya kiyaye hanya, ya bar zumunci, safa kuma ta koma ƙafar mai ita.