Na Ga Hannunsa Ya Bugi Katifa

Da sunan Allah nake farawa. Hankalina garau yake, ba wanda ya matsa mini in rubuta wannan. Gwiwoyi ne suka ƙi, sai zuciyar nan da likita ya ce ta gaji. Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Babba, Tela, da Auta.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara, kada wani ya yi wa wani wayo. Roƙona dai ku bar mahaifiyarku a ɗakinta har iyakar ranta.

Na biyu. Ɗakin horo na bayan gareji kada a yi saurin mai da shi shago. Shekara talatin da ɗaya ina koya wa manya kokawa da dabarun kare kai a cikinsa, yadda kakanku ya koya mini. Direbobi ne, da masu gadi, da malaman makaranta masu tumbi da ke haki tun kafin a fara. Kowa ya zo so yake a nuna masa yadda zai kayar da mutum, ni kuwa sai in sa shi wata uku yana koyon faɗuwa. Da yawa sun yi zuciya sun tafi. Waɗanda suka daure na ga yadda fushinsu ya ragu. Akwai mahaucin da matarsa ta zo har gida yi mini godiya, wai ya daina yi musu tsawa.

Na uku. Ajin mata na ranar Asabar naki ne, Auta, kin fi ni haƙuri. Matar nan mai sayar da kwanuka da aka taɓa fizge wa jaka, ki bi ta a sannu. Wata shida ta yi kafin ta yarda a riƙe wuyan hannunta. Katifu biyu na kusa da taga sun mutu, a canza su.

Na huɗu, shi ne ya sa na ɗauki biro. Kun san dokar ɗakin: wanda aka murɗe ya ji ba zai iya ba, sai ya bugi katifa sau biyu da tafin hannu, a sake shi nan take. Shekara bakwai da suka wuce, a gaban ɗalibai, Babba ya murɗe hannun Tela har kafaɗa ta goce. Tela ya rantse ya buga, Babba ya rantse bai ji ba. Tun ranar ba ku ƙara zama tabarma ɗaya ba, 'ya'yanku na gaisawa a titi kamar baƙi. Da mahaifiyarku ta tambaye ni, na ce mata ban gani ba.

Ƙarya na yi. Na ga hannun Tela ya bugi katifa, sau biyu, har ya ƙara na uku. Babba ba yadda za a yi ya gani, fuskarsa na kallon bango, ɗalibai na ta ihu. Ni ne alƙali, ni ya kamata in tsayar. Na yi shiru da gangan, don ina ganin Tela na saurin sallamawa, na ce bari ya ƙara numfashi biyu ya san zai iya. Sai na ji ƙarar kafaɗar. Daga nan tsoro ya kama ni, kada a ce malam ya karya dokarsa da kansa, ɗalibai su watse. Na zaɓi sunana, na bar ku kuna gaba.

Tela, ba ƙarya ka yi ba. Babba, ba mugunta ka yi ba. Duk ranar da na wuce shagonka, Tela, na ga ka ɗaga hannu za ka auna wuyan riga kana yamutsa fuska, ranar abinci ba ya shiga mini. Ina jin kunyarku, kuma na yi nadama.

Na biyar. Babba ne zai ci gaba da koyarwa, ya fi kowa sanin kamu. Amma kada a haɗa mutum biyu a katifa sai Tela na tsaye yana alƙalanci, shi ba zai taɓa kau da kai ba. In ba za ku iya tsayuwa ɗaki ɗaya ba, gara a rufe, kada a sake ji wa ɗan wani ciwo.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya ba ku masu jin ƙanku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada ku bar wa jikokina gabar da ba tasu ba.

Da farko na so a buɗe takardar nan bayan an binne ni, sai na ga wannan ma wata ragwanta ce. Auta za ta karanta muku ita ran Juma'a a falo, ina kwance a ɗakin da ke kusa, ƙofa a buɗe. Ban ce lallai ku yafe mini ba. Ku dai shigo tare, ko da faɗa za ku yi mini.