Dutsen da Na Ɗauko a Rafi

Zuwa ga Uwar Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma sai dai Rabi ta karanta miki. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma ke ce mai ita.

Gida lafiya. Rabi ta haihu a Gaya, namiji. Gero ya yi kyau, gyaɗa ce ta ba mu kunya. A kan kajinki nake wannan rubutu. Kin tuna kina kwance kika ce kada in bari irinsu ya ƙare, tunda na mahaifiyarki ne, da su kika zo daga Balan? Na ce to. Na amsa da ƙarfi kamar wanda ya iya.

Sanyin bana ya shigo Toranke da mugunta. Ruwan kasko in ya kwana sai ya koma kamar ƙanƙara, kajin su leƙa su juya, ga atishawa, ga kumburin ido. Sai na tuna dabararki: ki jefa baƙin dutsen nan naki a murhu, in ya ɗau zafi ki tsoma shi a kasko, ruwan ya yi ta ɗumi har hantsi. Ban taɓa gaya miki ba, duk tsokanar da nake yi cewa kin mai da kaji 'yan gata, ina son ƙarar dutsen nan in ya faɗa ruwa. Da ita nake sanin kin tashi lafiya.

Na nemi dutsen na rasa, ya bi matan da suka yi girkin sadakarki. Na ce ai dutse dutse ne. Na gangara rafi na tono wani sumul daga cikin jiƙaƙƙen yashi, har ina yaba kaina ya fi naki kyau. Da safe na hura wuta na cusa shi cikin garwashi. Kajin suka kewaye murhu suna jin ɗumi, yadda kika saba musu.

Uwar Rabi, dutsen nan fashewa ya yi kamar an harba bindiga. Wani ɓari ya tsaga mini gira, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan na ga jan zakaranki yana birgima, kansa a fashe. Kasko ya tarwatse. Garwashi ya watsu kan akurkin kara, kafin in miƙe wuta ta kama, ta haye zana. Kaji suna gudu da wuta a bayansu, suna shiga ƙarƙashin rumbu, ni kuma ina bin su da bugu kada su ƙone mana hatsi. Da hannuna na karya wa ɗaya fuffuke.

Maƙwabta suka yo kan wutar da bokitai. Ni wuƙa na ɗauko. Me kuma zan yi, in bar su su zama mushe? Na taka ƙafa na yanka, na jefar, na kamo wata. Jinina da nasu suka haɗu a ƙasa. Bisimillar ma ban san yadda take fita daga bakina ba.

Ta ƙarshe ita ce kazar nan wake-wake da kike ji da ita. Tana kwanci a cikin akurki, ta ƙi tashi daga kan ƙwanta. Na fizgo ta, bayanta duk ya ƙone har nama, amma tana jan ciki za ta koma. Na yanka ta ina kuka, a gaban maza, ban ji kunya ba.

Daga baya Goggo Ladi maƙwabciyarmu ta gaya mini dutsen rafi ruwa ne a cikinsa, ko yarinya ba ta sa shi a wuta. Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba? Ni kuma me ya hana ni tambaya, duk shekarun nan ina kwance ina jin ki?

Naman duk na rabar sadaka da sunanki, ban ɗanɗana ba. Ƙwayayen kuwa da sauran ɗuminsu na zuba a hula na kai wa Goggo Ladi, ta sa wa kazarta mai kwanci. Biyu ne suka ƙyanƙyashe. Suna can suna bin uwar da ba tasu ba, kuma Goggo ta rantse ba za ta ba ni su ba sai sanyi ya wuce. Kullum da safe nake ɗumama ruwa a buta in kai ƙofar gidanta, in tsaya a waje, tunda ta hana ni matsawa kusa da murhunta. Mutane suna dariya. Su yi ta yi. Iyakar abin da ya rage na alkawarinmu ke nan, ki yafe mini.

Allah ya haskaka makwancinki, ya haɗa mu da alheri.

Ni ne mai gidanki,
Idi