Ni Na Goge Alamar da Aka Zana a Jikin Mijina

Salama gare ku, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku jefe ni. Duk zagin da za ku yi mini bai kai wanda nake yi wa kaina ba.

Ni matar aure ce a Kafanchan. Maigidana malamin sakandare ne, shi ke koyar da mawaƙa a cocinmu. Bara aka yi masa aikin ciwon daji a hanji, muka yi godiya a coci har da rawa, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Hoto ya nuna ciwon ya tsallaka hanta, ƙananan ƙulli biyu. Aka tura mu wani asibiti a Abuja, likita ya ce tunda ba su da yawa za a iya ƙona su da hasken wani inji, aikin da ake kira gashi. Injin yakan fara ɗaukar hoton cikin mutum, ya ga inda ƙullin yake, sannan ya harba haske daidai wurin, majinyaci kuma ya riƙe numfashi don kada hantar ta motsa. Maigida ya yi dariya ya ce, "Dokta, mai waƙa kake gaya wa riƙe numfashi?" Suka auna shi, suka zana alamomi da tawada a cikinsa da haƙarƙarinsa, suka rufe da filasta. Suka ce da su za a daidaita kwanciyarsa, kada sabulu ko mai ya taɓa su. Muka dawo gida jiran ranar farawa.

A nan na tafka abin. Wata 'yar zumuntar matan cocinmu ta kawo mini man zaitun daga wurin wata mai addu'a, ta ce, "Sista, ki shafa masa daidai wurin ciwon. Kafin injin ya taɓa shi Yesu ya gama aiki." Maigida ba ya son irin waɗannan abubuwa, kullum cewa yake addu'a ba a kwalba take ba. Sai na bari ya sha maganin rage zafi da rana, barci mai nauyi ya ɗauke shi, na shafa masa a haƙarƙarin dama. Filasta ta ɗaye, tawada ta narke a hannuna. Wayyo! Na ɗauko alƙalamin maka daga jakarsa ta makaranta, na sake zana alamar inda nake zaton take, na manna wata filasta. Me ya hana ni tashe shi? Kunya, ba komai ba.

Ranar farawa, ba a jima da shigar da shi ba wata ma'aikaciyar asibitin ta kira ni ciki. "Madam, hoton da alamar sun saɓa sosai. Wani ya taɓa wurin nan?" Kafin in buɗe baki maigida ya ce, "Haba 'yata, uwargida ne ke yi mani wanka. Ko ɗigon ruwa ba ta bari ya taɓa." Ya dube ni yana murmushi. Na yi shiru. Suka ce to ƙila wani abu ya gusa a ciki, ko numfashinsa bai zo ɗaya da na ranar awo ba, su kuma ba sa harbi a makance. Sai an sake awo, mu koma layi. Muna cikin jira injin ya lalace. Kafin a gyara, damina ta wuce. Sabon hoto ya nuna ƙulli ko'ina a hantar kamar an watsa gero, likita ya ce gashi ba zai yi amfani ba kuma.

A ranar da muka ji wannan sakamakon, a bencin jira, wani dattijo ya ba ni labari cewa gumi ya taɓa wanke tasa alamar. Da ya faɗa musu, nan take suka duba hotunansa suka mayar masa da ita, aka ci gaba. Ashe magana ɗaya ce ta rage in yi! Likita ya ce ko da an yi gashin ba lallai ya warke ba, amma ina zan kai wannan "ba lallai ba"?

Yanzu muna gida. Idanunsa sun yi rawaya, ciki ya kumbura, ko kunu sai da lallashi. Abin da ke kashe ni shi ne ya ɗora wa kansa laifin. Ranar Lahadi, bayan fasto ya kawo masa jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na coci, ya tafi, maigida ya kama hannuna ya ce, "Uwargida, ki yafe mani. Shekara nawa ina koya wa yaran mutane riƙe numfashi, ranar da ya kamata in riƙe domin ke, na kasa."

Na ce na yafe. Ku ji fa, ni na ce masa na yafe.

In na faɗa masa gaskiya, zai tafi da sanin cewa hannun da ke ba shi kunu ne ya jawo. In na yi shiru, zai tafi yana neman gafara a kan laifina. Kwanakin kuma ba su da yawa, ina gani da idona.

Jama'a, me zan yi?