Dakan Inna a Fim ɗin Safiya

Daren Asabar, Nuwamba, Abbey Wood

Na je kallon fim ɗin da 'yata Safiya ta yi wa kiɗa da kwamfuta. Tun a bas nake tsara yadda zan ce mata ta bar harkar nan ta koma karatun harhaɗa magunguna.

Fim ɗin ba labari, sai benayen kankare na unguwar Thamesmead da matasa sunkuye kan na'urori. Har na fara gyangyaɗi, sai ga matattakalar ginin da muka zauna a da, kiɗan kuma ya koma dum, dum, dum. Dakan Inna mahaifiyata ne! A matattakalar take daka yaji, don Baturen da ke ƙasanmu ya kai ƙararmu council, wato ƙaramar hukuma. Ashe Safiya ta ɗauki sautin a wayata tana ƙarama. Har tarin Inna na ji, Allah ya jiƙanta.

Da muka fito, ta ce da gurguwar Hausarta, "Baba, ka gane?"

Na ce, "Har turmin na gane, mai tsagar nan."

Ban yi maganar karatu ba. Ko na kyauta, oho. Na dai roƙe ta ta turo mini sautin, shi nake saurare yanzu.