Kifin da suke ci akwai guba, ni kuma an hana ni faɗa musu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, mutanenmu a ƙasar nan kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni ɗaliba ce, ina PhD a Birmingham kan sinadaran da ke gurɓata muhalli. Flat ɗinmu yana unguwar Rusholme a Manchester, can maigidana da yarinyarmu suke, ni kuma ina da ɗan ɗaki a Edgbaston nan Birmingham, sai ƙarshen sati nake hawa train in koma Manchester.

Bara aikin bincikenmu ya kai mu wani ƙauye can ƙurewar duniya ta arewa, ƙasar ƙanƙara, babu hanyar mota sai ƙaramin jirgi, rana ma ba ta faɗuwa a lokacin, da agogon Birmingham nake sallah. Aka sauke ni gidan wata dattijuwa, Mama nake ce mata. Da ta gane ba na cin namansu, kullum sai ta sa a kamo kifi a tafkin bayan gari, ta gasa, ta zauna tana kallona sai na cinye. Wallahi tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya kula da cikina haka.

Mun je ne da tunanin iska da teku ke kwaso dattin masana'antu daga nesa su zube musu. Da na dawo lab na auna ƙasa da kifin da muka ɗebo, sai na ga mafi munin gubar a bayan garinsu take. Akwai tsohuwar tashar da wani kamfani ya watsar a bakin tafkin, ganguna sun yi tsatsa, tsofaffin transfoma mansu yana tsiyaya cikin ƙasa. Sinadarin da ke cikin man nan ba ya ruɓewa, a kitsen kifi yake taruwa, ya wuce jikin mai ci. Na maimaita awon har na gaji, amsa ɗaya ce.

Na kai wa supervisor ɗina, ya ce abin da muka ɗebo ya yi kaɗan, sai an koma an ƙaro kafin a tayar wa mutane hankali, tunda kifin ne abincinsu, kayan kanti kuma sai mai hali. Ban ce bai da gaskiya ba. Amma yaushe za a koma? Gwamnati sai yanke kuɗin bincike take, ma'aikatan lab ɗinmu ma an rage su. Ya kuma tuna min na sa hannu ba zan fitar da result ba sai da izini. Na kai maganar kwamitin uni, wato jami'armu, har yau wai suna dubawa.

In na karya doka aka kore ni, visa ta tafi, kuma a kanta maigidana da 'yarmu suke zaune. Bawan Allahn nan aikinsa ya ajiye a Kano ya biyo ni, yanzu a gidan kula da tsofaffi yake aiki. Da na ce zan gaya wa Mama sai muka yi faɗa, ya ce ni ba hukuma ba ce, in kuma awon ya zo da kuskure na raba mutane da abincinsu a banza. Na ce da 'yarmu ce take ci fa? Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar Lahadi ina cikin train 'yar Mama ta kira ni ta video, ta haihu, tana shayar da jaririn tana dariya. Ni kuma na san abin nan har ta nono yake bi. Sai Mama ta leƙo, 'yar tana fassara min, ta ce, "'Yata, me na'urarku ta gani a tafkinmu?" Na ce ba na jin su sosai, na kashe wayar. Har muka shiga Birmingham ina kuka.

'Yar ta turo saƙo za su sake kira wannan Lahadin. 'Yan uwa, in ɗauka in ce su daina ci, in jefa mijina da 'yata cikin wani hali? Ko in yi shiru in jira izinin da ban san ranar zuwansa ba, jaririn nan yana sha? Masu ilimin addini da waɗanda suka san dokar uni, me zan ce mata in wayar ta yi ƙara?