Hayaƙin Baƙin Mai

Litinin, 5 ga Mayu
Likita ya saurari ƙirjin uwar yara ya daɗe. Ya tambaya ko da itace take girki, ta ce a'a. Ko akwai mai shan taba a gidan? Babu. Daga nan ya leƙa ta taga ya ga babur ɗina, ya dawo ya dube ni. 

Alhamis, 8 ga Mayu
Na tura babur har bakin titi kafin na buga kik, don kada hayaƙi ya cika tsakar gida. Duk da haka ta ji warinsa a rigata. Tari ya kama ta, ta shige ɗaki wai tana neman allura.

Asabar, 10 ga Mayu
Na je wurin Dogo makanike, ko akwai dabarar rage hayaƙin. Ya ajiye sifana ya ce, “Haba Baba, kai da ka fi ni sanin wannan injin? Haka aka ƙera shi.”

Gaskiyarsa. Fistin biyu, salansa biyu, giya biyar. Ba ruwa a jikinsa, iska ce ke sanyaya shi. Ba ya ajiye baƙin mai a cikinsa kamar na yanzu. Wani ɗan famfo ne ke ɗiga masa man yana ƙonewa tare da fetur, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Hayaƙin nan shi ne shaidar yana da lafiya. Na sha yi wa abokai alfahari da haka. Tun ina saurayi yake ƙarƙashina, ko sau ɗaya bai zubar da ni ba.

Dogo ya nuna famfon da yatsa. “Ka taɓa wannan, ka binne shi.”

Laraba, 14 ga Mayu
Auta ta kira, wai in sayar. In sayar wa wa? Ya je ya turnuƙe gidan wani? Uwarta ta karɓi wayar ta ce, “Ki bar babanki da abinsa, sanyi ne kawai ya kama ni.” Ƙarya take yi saboda ni, kuma na ji daɗin ƙaryar. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Lahadi, 18 ga Mayu
A hanyar dawowa daga asibiti ina jin ƙirjinta yana tsalle a bayana. Danne tarin take yi kada in ji. Da muka sauka leɓenta ya yi baƙi, ta riƙe ƙofa ta daɗe kafin ta iya shiga. Na tsorata.

Talata, 20 ga Mayu
Na rage famfon. Ba kaɗan ba. Na fita ni kaɗai, hayaƙi ya ɗauke, babur yana tafiya tsaf kamar sabo. Bayan gada ya fara wani kuka siriri, na ji zafinsa a ƙafata. Ban tsaya ba. Da tayar baya ta ƙame na matse kuloci na gangara gefe. Kik ko motsi ba ya yi.

Na turo shi gida da ƙafa. Nauyi gare shi, ban taɓa sani ba.

Juma'a, 30 ga Mayu
A motar haya muke zuwa asibiti yanzu, a matse, gwiwata tana ciwo. Yau ta share tsakar gida gaba ɗaya ba ta zauna hutawa ba. Ta zo wurin babur ta kewaye shi da tsintsiya, ta ce, “Malam, ka san zai buga, ko?” Na ce tsufa ne.

Dogo ya aiko wai ya samo fistin guda biyu masu kyau. Na ce a gaya masa ba sauri.